Wata Ukun da Na Yanka wa Masu Takaba

Assalamu alaikum, Hajjo.

Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya, ƙafa ba ta kumbura ba, direba kuma bai yi irin gudun nan da ke sa ki riƙe kujera kina salati ba. Allah ya tsare masauki, ya tsare lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a sabon wurin aiki. Na cusa takardar a ƙarƙashin kwalbar yajin da ke jakarki, don na san komai kina iya barinsa a ɗaure har mako guda, amma ban da yaji.

Labarin gida ba ki da buƙatarsa, jiya kika baro shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai maganar da na yi kwana huɗu ina juyawa a baki na kasa faɗa miki ido da ido. Kin ga ina ta yi miki faɗa a kan ninkin zannuwa da igiyar caja. Ba zannuwan ba ne. Ni ce a rikice.

Bari in fara da ƙaramin laifin. Na karanta littafinki.

Ranar Talata da safe kin tafi kasuwar Wunti karɓo ɗinki, na shiga ɗakinki neman almakashi. Na ga littafin nan mai shuɗin bango da kike rubuta hirarki da matan da mazajensu suka rasu. Kin sha gaya mini amana ce, ko ni ba ki yarda in leƙa ba. Na ce a raina yarinyar da na yi wa tsarki ce za ta ɓoye mini rubutu. Na buɗe. Ban kyauta ba, ki yafe mini. Amma ke ma ki ɗauki darasi: matan nan sun faɗa miki abin da ba su faɗa wa 'yan uwansu na jini ba. A can inda za ki, ki sami akwati mai makulli. Kada ki bar maganar mutane a kan katifa, ko da uwarki ce kaɗai a gidan.

A tsakiyar littafin na tarar da shafuka da kika ja wa jan layi daga sama har ƙasa. A gefe kin rubuta: "A cire wannan. Umma ce ta sa hannu." Na zauna a bakin gadonki na karanta su duka, na sake karantawa.

Na san rahoton da za ki fitar daga littafin nan shi ne aikin farko da za ki miƙa. Kin gaya mini manyanku suna duba ko za a kwafi shirinmu na Bauchi a kai wasu jihohi, tun da ana yaba shi. Idan kika cire shafukan nan, za a kwafe shi yadda yake, da guntun kuskuren da na dasa a cikinsa. Kin so ki rufa mini asiri. Na gode. Yanzu ki saurari abin da kike shirin rufawa.

Kina aji biyu na firamare lokacin, ni kuma ina mataimakiyar shugaba a sashen kula da jin daɗin mata. Aka ce mu tsara yadda za a tallafa wa matan da aka mutu aka bar musu yara: a ba mace keken ɗinki ko injin markaɗe, a ɗauki nauyin kayan makarantar yaranta. Niyya mai kyau. Muka zauna a ɗakin taro, mu takwas ko tara, fanka na juyawa, ga lemo ga cincin. Tsoronmu ɗaya, kada 'yan damfara su cika layi da matan da mazansu ke raye suna shan shayi a bakin titi. Sai wani ya tambaya, tsawon wane lokaci za a bar ƙofa a buɗe bayan rasuwar miji?

Ni na amsa. Na ce wata uku. Kin san dalili? Don duk wata uku muke tura rahoto sama, kuma ina son lissafin ya faɗa daidai a cikin jadawalina. Na ƙara da cewa mace ta zo da ƙafarta, a ɗauke ta hoto, ta dangwala yatsa, ba wakili ba aike. Kowa ya gyaɗa kai. Wani ma ya ce Hajiya ta gama magana. Ko minti goma ba mu yi a kan batun ba, muka koma gardamar kalar da za a yi wa fom.

Hajjo, takaba wata huɗu ce da kwana goma.

'Yar Islamiyya da ba ta gama zubar da haƙori ba ta san wannan. Ni an haife ni a Ƙofar Ran, ubana malami ne, na ga kakarki ta yi takaba, ni nake ɗebo mata ruwa. Shekara shida da suka wuce ni da kaina na yi takabar babanki a gidan nan na Gwallameji, na ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ko sau ɗaya wata ukun ofis da wata huɗun takaba ba su taɓa haɗuwa a kaina ba. Na rufe ƙofa kwana arba'in kafin matan da na buɗe ta dominsu su sami damar fita daga gida. Ta yaya mutum zai san abu haka, kuma ya zauna a teburi ya zama kamar bai taɓa jinsa ba?

Ga abin da na gano a makon nan, a tsufana. Sanin da ke kanki a gida ba ya bin ki ofis da kansa. A bakin ƙofa yake tsayawa tare da laima. Don haka kada ki taɓa cewa ai ni 'yar gari ce, na san mutanena. Ni ma 'yar gari ce. Duk ƙa'idar da za ki rubuta, kafin ta bushe ki ɗauke ta ki kai wa wadda za ta hau kanta, ki karanta mata, ki ce mata ranar kaza abu kaza ya same ki, yaya za ki yi da wannan? Da na karanta wa mace ɗaya tak a lungunmu, da dariya za ta yi mini, a gyara a wuce wurin.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da girman kai na yi shi. Shekara ta zagayo muka ga matan cikin gari ba sa zuwa. Maimakon in sa mayafina in je in ji dalili, sai na buga fom na tura ma'aikata. Tambayoyin ni na tsara su. "Kin ji labarin shirin? E ko a'a." "Kina da mai kula da ke da yaranki? E ko a'a." Aka shiga gida gida, aka tsaya a tsakar gida a tsaye, surukuwa na gefe tana tankaɗe, ƙanin miji na zaure yana jin komai. Wace mace ce za ta buɗe baki a gidan dangin mijinta ta ce ba mai kula da ita? Fom suka dawo cike da e. Na tattara, na yi jadawali mai kyau, na rubuta cewa matan cikin gari ba su cika buƙatar tallafin ba saboda ƙarfin zumunci. Har na ji daɗi ina rubutawa, ina taƙama da unguwarmu. Aka karanta a taro aka tafa mini.

Ba ƙarya kowa ya yi ba, kin gani. Tambayar ce ba ta bar wurin gaskiya ba. Akwatin e ko a'a ba ya ɗaukar "suna ciyar da mu, amma kullum sai an goranta mana". Kuma wadda ba ta zo ba ba ta da layi a rajista, sai mai rajista ya ƙirƙira mata dalili daga kansa. Ni na ƙirƙira musu dalilin da ya fi yi mini daɗi.

Yanzu ga wanda ya kashe mini jiki.

A shafukanki akwai matar da kika sa wa suna Lami. Kin canza suna, kin canza sana'ar mijin, kin yi ƙoƙari. Amma mutum ɗaya na sani a duniya da ke rufe kowace magana da "to, haka aka so gani". Asabe ce. Asabe da muka taso gida na kallon gida a Ƙofar Ran. Asabe da ta riƙa hawo keke napep tun daga can har Gwallameji kusan kowace safiya lokacin takabata, ta dama mini kunu, ta wanke mini kaya, ta kori masu zaman gulma. Ki kula da wannan ma: idan za ki ɓoye mutum, ki ɓoye har da irin maganarsa.

Ranar Laraba na ce miki za ni dubiya. Wurinta na je. Na tarar tana tsince wake a bakin ɗaki. Ko gaisuwar kirki ban iya ba, na ce, "Asabe, na yi abin kunya, na karanta littafin Hajjo. Laifina ne, ba nata ba. Da gaske kin je ofishinmu?"

Ta ajiye faifan, ta dube ni, ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Yaya, har yanzu ba ki daina bincike a kayan mutane ba? Zauna mana, tsohon zance ne."

Na ce, "Ni jiya na ji shi."

Sai ta ba ni labarin tiryan-tiryan. Lokacin da Malam, mijinta, ya rasu ya bar ta da yara huɗu, keken ɗinkinsa na Wunti ya shiga rabon gado ya tafi. A rediyo ta ji sanarwar shirinmu, ta ji an ce wata uku. Ta iya ɗinki, Malam ya koya mata. Ta roƙi yayan mijin ya bar ta ta je ta dawo cikin awa ɗaya. Ya ce mata ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta bushe ba za ta je ta tsaya gaban mai hoto? Ta haƙura. Ta ce ta yi zaton tun da mata ne a ofishin za su gane. Washegarin ranar da ta fita takaba ta yi sammako ta taka da ƙafa har ofis. A taga aka duba takardar rasuwa aka ce mata lokaci ya wuce. Ta ce takaba ta yi. Aka nuna mata sanarwar da ke manne a bango, aka karanta mata, har da sunan wadda ta sa hannu a ƙasa.

Ta ce, "Ina juyowa sai ga ki kin fito da fayil a hannu. Kika ce, a'a, Asabe, me ya kawo ki? Na ce wucewa na zo yi, na ce bari in gaishe ki."

Hajjo, na tuna ranar. Wallahi na tuna. Na ja ta ofishina, na sa aka kawo mata lemo mai sanyi, na yi mata barka da fita takaba, na ce ta rame, ta riƙa cin abinci. Na raka ta har bakin ƙofa ina jin ni mutuniyar kirki ce. Ashe a lokacin da take shan lemon nan ta riga ta san ni na hana ta keken.

Na ce, "Don Allah me ya hana ki faɗa mini? Kalma ɗaya fa."

Ta ce, "In ce miki me, Yaya? In shigo ofishinki gaban yaranki in ce kin yi kuskure? Ke mai ilimi, ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Na ɗauka akwai dalilin da ban sani ba. Kuma ai ba ki tambaye ni ba. Ta'aziyya kin yi mini, sutura kin aiko wa yara kowace sallah, ban manta ba. Tambaya ce dai ba ki yi ba."

Na ce, "Shekara da shekaru kina shiga gidana."

Ta ce, "Ita ma Hajjo ba rana ɗaya na faɗa mata ba. Zuwan farko wake ta taya ni tsincewa, muka yi hirar tsadar gawayi ta tafi. Na biyu ta tambaye ni yadda muka haɗu da Malam. Sai a na huɗu, da babu kowa a gidan, ta ce, Gwaggo, bayan rasuwar, ranar farko da kika fita, ina kika je? Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Kafin in ankara na faɗa. To, haka aka so gani."

Kin ji aikin da nake yi miki tsiya a kansa. Sau nawa na ce miki wannan ba bincike ba ne, yawon shan fura ne a gidajen mutane? Sau nawa na tambaye ki mutum nawa kika ƙirga, kika ce ba ƙirga kike ba, saurare kike, na taɓe baki? Na janye. Ma'aikatana sun shiga gidan nan na Asabe da fom, ta ce musu e. Ke kin shiga da haƙuri kin fito da abin da ya gagari ofis guda shekara ashirin. Ki riƙe wannan hanya ko da manyanki na can sun raina ta, don za su raina. Za su ce miki labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ki ce musu gaskiya ne, sai a je a ji na biyu da na uku, in labarin ya yi ta maimaita kansa a ƙirga. Amma kada ki yarda a ƙirga kafin a san me ake ƙirgawa.

Ban tambaye ta yadda ta riƙe yaran ba, don na sani, a idona aka yi. Wankau, surfe, aikatau. Jummai, babbar 'yarta, da ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, aka cire ta daga aji biyar ta ɗauki farantin talla. Na tuna har na yi wa Asabe faɗa a kan haka, na yi mata lacca a kan ilimin 'ya mace. Ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri.

Ina zaune na rasa inda zan sa idona, sai ta ce, "Tun da kin zo, tashi mu je ki duba Jummai."

Kin san mijin Jummai, mai keke napep ɗin nan, ya rasu kwanan baya. Mun je gaisuwa tare da ke. Lungu biyu ne tsakaninsu. Muka same ta a ɗakinta a gidan iyayen mijin, da goyo a cinya, wasu biyu na wasa a ƙofa. Muka gaisa. Asabe ta ce mata, "Gwaggonki ta ji zancen." Jummai ta ɗaga kai ta ce, "Saura kwana tara wata ukun ofis su cika, Gwaggo. Na ƙirga."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Na yi ritaya, na manta da takardar, amma takardar ba ta yi ritaya ba. Tana nan a bango tana aiki. Ta ci uwar, yanzu ta zo kan 'yar.

Na yi maza na ce, "Jummai, ai malamai sun halatta wa mai takaba ta fita da rana in lalura ta kama. Ki shirya gobe in zo da mota in kai ki in dawo da ke, ba wanda zai ce kin yi zunubi."

Ta rage murya ta ce, "Na sani, Gwaggo, a Islamiyya an gaya mana. Amma ba malam ne zai zauna da ni a gidan nan ba. Ɗakin nan nasu ne. In na fita aka ji hoto na je ɗauka don a ba ni inji, Inna za ta ce ɗanta bai kai inji daraja ba a wurina. Ranar da na gama takaba za a ce in kwashe kayana, a riƙe yaran. Inji ko ɗaki da 'ya'yana, wanne zan ɗauka?"

Na zo da fatawa a baki ina ganin na warware matsala, yarinyar da aka cire daga aji biyar ta nuna mini ko tambayar ban fahimta ba. Wannan ma ki rubuta shi a inda ba zai goge ba: abin da littafi ya halatta daban, abin da mace za ta iya yi ta kwana lafiya a gidan da take daban. Ba za ki san na biyun ba sai kin zauna a kan tabarmarta, kin ga wanda ke gilmawa ta bakin ƙofa lokacin da ta rage murya.

Ranar Alhamis na tafi tsohon ofishinmu da zafina. Rifkatu ce shugaba yanzu, wadda na ɗauka aiki tana 'yar siririya mai tsoron magana. Ta tashi ta tarbe ni, Mama sannu, Mama ga kujera. Na ce mata a karɓi sunan Jummai ta hannuna, ko a tura mace ta je ta ɗauki hoton a gida. Ta buɗe durowa ta ciro fayil, ta buɗe ta juyo mini da shi. Ga sa hannuna nan, da ƙatuwar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe don a san ni ce.

Ta ce, "Mama, ba wakili, ba aike. In na karya wa ɗaya, masu duba aiki za su soke na kowa na wannan zango. Ke kika koya mana ƙa'ida ba ta san fuska ba."

Na ce, "Rifkatu, ke ba ki taɓa lura takaba ta fi wata uku ba?"

Ta ce, "Na lura, Mama. Na gaya miki."

Na ce yaushe.

Ta ce, "Shekarata ta biyu. Ni ke zama a taga. Na shigo na ce miki akwai matan da ke zuwa a makare suna cewa takaba suka yi. Na ce ba su kaɗai ba ma, har matan 'yan kasuwar nan na kudu. Na ba ki labarin Maman Chika mai shagon kayan masarufi a Wunti, da ta raka gawar mijinta garinsu, dangi suka riƙe ta zaman makoki, ta dawo ta tarar mun rufe. Kika ce mini, Rifkatu, tatsuniya kika kawo mini, ni alƙaluma nake so. Na koma in ƙirga, na ga ba mu rubuta sunan wadda aka mayar daga taga. Ban sami abin kawo miki ba. Ban sake magana ba."

Na so in ce ƙarya take, amma maganar tawa ce sak, har na ji muryata a ciki. Ashe ba rashin sani ba ne kaɗai. An kawo mini sanin har teburina, na kore shi don bai sa kaya irin na ofis ba. Shirin da muka yi wa kirari da cewa za a dama da kowa, Musulma ta cikin gari da Kirista 'yar kasuwa duk ya bar su a waje, kowacce da al'adarta, ƙofa ɗaya ta buge su.

In Allah ya ɗaga ki kika zama shugaba, ki ji tsoron ranar da na ƙasa da ke za su daina kawo miki labari. Mai zama a taga, mai shara, direba, su suke ganin fuskar wanda aka mayar. Ba na ce ki raina alƙaluma ba, da su ake raba kaya a san inda suka tafi. Amma alƙaluma waɗanda suka shigo kawai suka sani.

Na tambayi Rifkatu yadda za a canza ƙa'idar. Ta ce sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma ba ya zama sai da hujja a rubuce. Ta ce ta rubuta sau biyu bayan na yi ritaya, aka ce shirin da ake yabo ba a taɓa shi. Ta ce, "Amma in magana ta fito daga Abuja, da muryar matan a ciki, za su zauna." Ba ta san 'yata ce ke riƙe da muryar ba, kuma ta ja mata jan layi saboda ni.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Jummai ta riga ta rasa tallafin. Juma'a mai zuwa wata ukunta ke cika, ba rahoton da zai isa kafin nan. Na aika mata da tsohon kekena na ɗinki, surukarta ta karɓa da murna tun da kyauta ce daga gwaggo. Kada wannan ya sanyaya miki zuciya, ni bai sanyaya tawa ba. Keke ɗaya gare ni, kuma yau ma an yi jana'iza a garin nan.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ki mayar da shafukan nan. Ki koma wurin Asabe ta waya ki nemi izininta, tun da na ɓata miki sirrin, ki ɓoye ta da kyau a wannan karon. Ki nemi na Jummai da na Rifkatu in sun yarda. Su duka ki canza musu suna. Ni kada ki canza mini. Su ba su yi komai ba, su suka cancanci a rufa musu asiri.

Na san abin da kike tsoro. Za a ce 'yar Hajiya ta tone uwarta a gaban baƙi. Ƙawayena na nan Gwallameji za su yi ta kiran waya suna jaje da daɗi a muryarsu. Zai yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba, ina son sunan nan nawa, shekara talatin na yi ina goge shi. Amma Asabe ta rufa mini asiri shekara ashirin, kin ga abin da ya jawo wa 'yarta. Ba na son rufin asiri na biyu daga tawa 'yar.

Ranar da kika tsaya gabansu, in wani ya tambaya wane ne ya rubuta wannan ƙa'ida, kada ki ce wani jami'i ne a wancan lokaci. Ki ce mahaifiyata ce. Ki ce 'yar Ƙofar Ran ce, 'yar malam, ta yi takaba da kanta, ba muguwa ba ce, kuma ba ta tambayi kowa ba. Akwai irina da yawa a ɗakin da za ki tsaya, masu kyakkyawar niyya da biro a hannu. Ina so su ji tsoro.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare ki daga sharrin mutane da sharrin teburi. Ya ba ki kunnen da ban samu ba. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki kira ni in kin karanta, ko da ba za ki iya cewa komai ba. Ni ranar Juma'a zan wuni a ɗakin Jummai. Ban san abin da zan ce mata ba, ina ganin wannan karon shiru zan yi in saurara.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Umma